Yadda faifan toshe ɓaraka ya zama bakandamiyar Sly and the Family Stone

A ranar 21 ga Nuwamban 1970 kamfanin Epic, wanda reshe ne na CBS a Amurka, ya saki wani faifan garmaho mai waƙoƙi 12 na ƙungiyar Sly and the Family Stone mai suna Greatest Hits, wato tarin fitattun waƙoƙinsu. Babu waƙa ko ɗaya a cikinsa da jama'a ba su riga sun ji ba. Kamfanin ya haɗa shi ne saboda ya gaji da zaman jiran sabon aiki daga shugaban ƙungiyar, Sly Stone, wanda a lokacin ya shafe shekara ɗaya da rabi bai miƙa cikakken kundi ba. Sai ga shi faifan da aka yi don a toshe ɓaraka ya haura zuwa mataki na 2 a jadawalin Billboard na manyan fayafai, ya hau na 1 a jadawalin kiɗan sol, wato wani salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka, kuma da tafiya ta yi nisa aka tabbatar da sayar da kwafi miliyan 5 nasa a Amurka kaɗai. A 2003 mujallar Rolling Stone ta ajiye shi a lamba ta 60 cikin kundaye 500 da ta ce sun fi kowanne, alhali masu sharhi sun saba kallon irin wannan tari a matsayin kayan kasuwa kawai. Abin da ya cancanci a warware shi ne yadda haka ta faru, domin a cikin amsar akwai labarin kasuwancin waƙa, da labarin wata ƙungiya, da kuma labarin abin da ake zaɓa a nuna da abin da ake rufewa.

Sai an fara da fayafan kansu kafin a gane lissafin kamfani. A wancan zamani waƙa tana fita ta hanya biyu. Akwai ƙaramin faifai mai faɗin inci 7 da ke juyawa sau 45 a minti ɗaya, wanda ke ɗauke da waƙa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Shi ne ake kai wa gidajen rediyo, shi ake zubawa a akwatunan kiɗa na gidajen abinci da ake jefa wa tsaba su yi waƙa, kuma shi ne matashi mai ƙaramin ƙarfi ke iya saya. Sannan akwai babban faifai mai faɗin inci 12 da ke juyawa sau 33 da sulusi, wanda kowane gefe nasa ke ɗaukar abin da ya kai minti 20 ko ya ɗara kaɗan. Kuɗin babban ya ninka na ƙaramin sau da yawa, ribar ma tana wajensa. Saboda haka idan mawaƙi ya tara waƙoƙi bakwai ko takwas da suka yi tashe a ƙananan fayafai, kamfani yana iya kwashe su ya jera a babba guda, ba tare da ya sake biyan kuɗin ɗakin ɗaukar sauti ko na makaɗa ba. Kayan an riga an biya kuɗinsu, sunansu ya riga ya zaga gari, abin da ya rage kawai bugawa da bango da talla. Kamfanin Columbia, wanda shi ma na CBS ne, shi ya fara gwada wannan dabara da sunan da aka san ta da shi a yau, lokacin da ya tara waƙoƙin Johnny Mathis a 1958, faifan kuwa ya zauna makonni 490 a jadawalin Billboard. Don haka gidan da Sly yake ciki ya san daɗin wannan ciniki tun shekara goma sha biyu kafin nan. Fitar da faifan a ƙarshen Nuwamba ma akwai lissafi a ciki, domin daidai lokacin ne Amurkawa ke shiga sayayyar Kirsimeti.

Shi Sly, sunansa na yanka Sylvester Stewart, an haife shi a Denton ta jihar Tekzas a 1943, ya tashi a Vallejo da ke arewacin Kalifoniya, a gidan da waƙar coci ta zama abincin yau da gobe. Tun yana yaro yake rera waƙoƙin ibada tare da 'yan'uwansa. Kafin ya kafa ƙungiya ya yi aikin gabatar da waƙoƙi a tashar KSOL ta San Faransisko, inda ya riƙa cuɗa waƙoƙin Turawan Ingila da na baƙaƙen fatar Amurka a shiri ɗaya, ya kuma yi aikin tsara sauti a kamfanin Autumn, inda ya fitar wa Bobby Freeman da ƙungiyar Beau Brummels waƙoƙin da suka karɓu. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga maganarmu, domin mutumin da ya yi shekaru yana ɗora allura a kan faifai yana jin wayar masu saurare ya san abin da minti uku za su iya ɗauka. Kunnensa kunnen ƙaramin faifai ne tun asali.

A ƙarshen 1966 ya haɗa ƙungiyar: ƙanensa Freddie a jita, Larry Graham a jitar bes mai kaurin sauti, Cynthia Robinson tana busa begila, Jerry Martini yana busa saksofon, Greg Errico a ganguna, daga baya ƙanwarsa Rose ta shigo da fiyano da murya. Martini da Errico fararen fata ne, sauran baƙaƙe, kuma matan da ke ciki kayan kiɗa suke riƙe da su, ba su tsaya a baya suna amshi kaɗai ba. A Amurkar da dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ba ta daɗe da kafuwa ba, tsayuwar mutum bakwai irin waɗannan a dandamali ɗaya magana ce tun kafin a buga ganga.

Kundinsu na farko, A Whole New Thing na 1967, makaɗa sun yaba masa amma bai yi kasuwa ba. Shugaban sashen fayafai na CBS a lokacin, Clive Davis, da manajansu David Kapralik suka nemi a sassauta, a yi abin da kowa zai iya kamawa. Daga wannan matsin ne aka samu "Dance to the Music", wadda ta kai mataki na 8 a 1968. Kundin Life ya biyo baya a shekarar, shi ma bai taɓuka abin kirki a kasuwa ba. Sai a farkon 1969 "Everyday People" ta hau mataki na 1 ta zauna mako huɗu, kundin Stand! ya fito a watan Mayu, a watan Agusta kuma suka hau dandamalin Woodstock, babban bikin kiɗa da aka yi a fili a jihar New York, da tsakar dare, wajen ƙarfe uku da rabi, suka tayar da dubban ɗaruruwan mutanen da ruwan sama da gajiya suka kwantar. Duk abin da ke cikin Greatest Hits ya fito ne tsakanin "Dance to the Music" da Disambar 1969, wato aikin da bai wuce na shekara biyu ba. Wannan shi ne sirrinsa na farko. Yawancin tarin fitattun waƙoƙi suna ɗebo aikin shekara goma ko ashirin, sai ka ji murya ta tsufa daga waƙa zuwa waƙa, makaɗa sun canza, salon ɗaukar sauti ya canza, abin ya zama kamar kayan gwanjo. A nan kuwa mutanen ɗaya ne, zamanin ɗaya, zuciyar ɗaya, shi ya sa kunne ke karɓarsa kamar kundin da aka zauna aka tsara daga farko.

Idan aka ƙirga inda aka ɗebo waƙoƙin, za a ga hannun mai zaɓe ƙarara. Ba a ɗauki komai daga kundin farko ba. Daga na biyu an ɗauki waƙa ɗaya, wadda kundin ke ɗauke da sunanta. Daga Life an ɗauki uku: "Life", "Fun" da "M'Lady". Daga Stand! an ɗauki biyar, sannan aka cika da uku da ba su taɓa shiga wani babban faifai ba. Gaskiyar magana, ba dukansu ne suka yi tashe ba. "Life" da "M'Lady" da ƙyar suka leƙa ƙasan jadawalin waƙoƙi 100, "Fun" bayan faifai ce, "Sing a Simple Song" ma bayan "Everyday People" ta fito. Sunan faifan ya yi alkawarin fitattu, amma waɗanda suka shiga goman farko a jadawali ba su kai rabi ba. A ganina wannan bai rage masa komai ba, ya ma taimake shi, domin waƙoƙin Life da kasuwa ta yi biris da su a 1968 sai a nan suka sami masu saurare, da aka zaunar da su kusa da manyan 'yan'uwansu sai aka gane ashe tsatsonsu ɗaya.

Jerin ma bai bi tarihi ba. Gefen farko ya buɗe da "I Want to Take You Higher", wadda tun farko bayan faifan "Stand!" ce. Abin da ya ɗaga darajarta shi ne fim ɗin Woodstock da ya fito a watan Maris na 1970, inda miliyoyin mutanen da ba su je wurin ba suka ga Sly cikin fararen kaya masu geza yana jefa kalma ɗaya taro yana amsawa. Kamfanin ya sake fitar da ita a gaban faifai a shekarar, ya kuma sa ta ta zama ƙofar shiga wannan tari. Wanda ya fito daga silima ya shiga shagon fayafai, abin da ya gani shi zai fara ji. Gefe na biyu kuma ya buɗe da "Dance to the Music", kuma yana da kyau a tsaya a kanta, domin ita ce ke koya wa sabon kunne yadda ake sauraren ƙungiyar.

Waƙar tana farawa da tsawar Cynthia Robinson, murya mai kaifi kamar begilarta, tana umartar kowa ya tashi. Can sai kayan kiɗa su ɗauke, a bar muryoyin maza suna kwaikwayon kiɗa da baki, irin na matasan da ke tsayawa a kusurwar titi. Daga nan a fara gina waƙar a gaban mai saurare, tubali bayan tubali. A kira ganga, Errico ya shigo. Freddie ya ce zai ƙara jita, ya ƙara. Larry Graham ya sauke muryarsa can ƙasa ya ce zai sa wa abin gindi, sai bes ɗinsa ya shigo da gurnani. Sly ya kawo ogan, sannan masu busa su rufe. Cikin minti uku an gabatar da kowa da sunan aikinsa, babu wanda ya riƙe makirufo ya hana wani. A kiɗan sol na lokacin, musamman na kamfanin Motown, an saba da tauraro ɗaya a gaba cikin kwat, 'yan amshi a bayansa, makaɗa kuwa ko sunansu ba a rubutawa a bango. A nan layi ɗaya na waƙa yana iya ratsa baki uku kafin ya ƙare. Tsarin kiɗan da kansa yana faɗin abin da kalmomin ke faɗi game da zaman tare, kuma wannan ne ya sa wa'azin ƙungiyar bai gundiri mutane ba. Bai ɗauki lokaci ba Norman Whitfield na Motown ya ɗauki wannan salo na rarraba murya ya ba ƙungiyar Temptations a "Cloud Nine" a ƙarshen 1968.

"Everyday People" ta fi ta sauƙi nesa ba kusa ba. Ba ta kai minti biyu da rabi ba, bes ɗin Graham yana dukan sauti guda daga farko har ƙarshe, amshinta kuma an aro shi ne daga irin waƙar tsokana ta yara a filin wasa. A cikin wannan sauƙin aka zuba maganar wariyar launin fata da ta aji da ta siffar jiki, aka mai da ƙiyayyar manya abin da ya yi kama da rigimar yara. An fitar da ita a ƙarshen 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King a watan Afrilu, aka kashe ɗan takarar shugaban ƙasa Robert Kennedy a watan Yuni, unguwannin birane da dama suka ci wuta. Wanda ya ji ta a yau yana iya ɗauka waƙar nishaɗi ce kawai, amma waɗanda suka yi ta sun san garin da suke ciki.

To, a nan ne maganar abin da aka bari a waje ta shigo, kuma ita ce a wurina zuciyar al'amarin. Kundin Stand! waƙoƙi takwas gare shi. An kwashi biyar, an bar uku. Ɗaya daga cikin ukun kiɗa ne zalla mai tsawon fiye da minti 13, wanda ko don tsawonsa ba zai sami wuri ba, domin shi kaɗai zai cinye fiye da rabin gefen faifai. Ta biyu, "Somebody's Watching You", waƙar zargi ce da rashin yarda, mai cewa a kullum akwai idon da ke bin ka. Ta uku kuwa sunanta kansa ya ƙunshi kalmomin zagi biyu da baƙi da fari ke jifan juna da su, ana ta maimaita su cikin gurɓataccen sauti har kusan minti shida, babu sulhu a ƙarshe, kuma babu gidan rediyon kasuwa da zai sa ta. Wato duk inda Stand! ya ɗaure fuska, an yanke wurin. Ba lallai ne a ce an yi haka da wata mugun nufi ba, tunda ƙa'idar irin wannan faifai ita ce a ɗauki gajeru masu shiga rediyo. Amma sakamakon ɗaya ne: wanda ya san ƙungiyar ta wannan tari kaɗai zai ɗauka mutanen farin ciki ne tsantsa, masu kiran a tashi, a yi rawa, a dage, kowa tauraro ne. Hoton gaskiya ne, sai dai daga gefe ɗaya aka ɗauke shi. Duk wani tarin fitattun waƙoƙi haka yake, tace labari ne, kuma wanda ya tace yakan zama wanda ke son a saya.

Waƙoƙi ukun da ba su cikin kowane kundi su ne suka mai da faifan abin da ba a iya tsallakewa. "Hot Fun in the Summertime" ta fito a damunar 1969 daf da Woodstock ta kai mataki na 2. "Thank You (Falettinme Be Mice Elf Agin)" da "Everybody Is a Star" suka fito gaba da baya a faifai ɗaya a watan Disamba, suka hau mataki na 1 a Fabrairun 1970. An yi su ne da niyyar su shiga kundin da zai biyo bayan Stand!, kundin kuwa bai zo ba. Saboda haka ko wanda ya mallaki kundayen ƙungiyar huɗu cif, idan yana son waɗannan uku a babban faifai, dole ya sayi wannan. Kamfanonin waƙa sun riƙe wannan darasi da kyau. Daga baya ya zama al'ada a riƙa saka sabuwar waƙa ɗaya ko biyu a cikin tari don a jawo tsofaffin masoya, kamar yadda ƙungiyar Earth, Wind & Fire ta yi a 1978 da ta saka "September" a tarin fitattun waƙoƙinta. Bambancin shi ne su da gangan suka shirya, a wajen Sly kuwa rashin kammala aiki ne ya haifar da hakan.

Akwai wata shaida ta wannan rashin kammalawa da kunne ke iya ji. Ƙananan fayafai na lokacin da sautin mono ake haɗa su, wato sauti mai hanya ɗaya, domin rediyon mota da ƙaramar rediyon hannu lasifika ɗaya gare su. Manyan fayafai kuwa a 1970 sun koma sitiriyo, mai hanyar hagu da ta dama. Waƙoƙin nan uku mono kaɗai aka haɗa musu, ba a samu an zauna an yi musu haɗin sitiriyo ba kafin faifan ya fita. Sai injiniyoyi suka yi dabarar da aka saba yi a lokacin: a ɗauki sautin mai hanya ɗaya a raba shi da na'ura, a karkata masu kauri gefe ɗaya, masu kaifi ɗaya gefen, don kunne ya ɗauka akwai faɗi. Wanda ya sa abin saurare a kunnuwansa ya bi tsohon bugun zai ji bambancin. A sauran waƙoƙin kowane kayan kiɗa yana da mazauninsa, a waɗannan ukun kuwa sautin ya ɗan dushe, kamar ana jin sa ta bayan labule. Abin tausayi ne a ce mafi muhimmancin waƙa a faifan tana cikin waɗanda aka yi wa haka.

Wannan waƙa ita ce "Thank You", wadda aka ajiye a ƙarshen gefe na biyu. Don a gane nauyinta sai an san abin da ake nufi da fank. A kiɗan sol murya ce sarauniya, kayan kiɗa suna yi mata rakiya, karin waƙa yana hawa yana sauka. James Brown, musamman daga "Cold Sweat" ta 1967, ya juya wannan tsari: ya sa nauyin kiɗa a bugun farko na kowane zagaye, ya rage sauye-sauyen karin, ya mai da jita da kayan busa har da murya tamkar ganguna. Abin da Larry Graham ya ƙara a kan wannan ya samo asali ne tun yana matashi yana yi wa mahaifiyarsa kiɗa a gidajen rawa, ita tana fiyano, ba su da mai ganga. Don ya cike gurbin, sai ya riƙa dukan tsirkiya mai kauri da gefen babban yatsansa a madadin babbar ganga, yana kuma fizgo siririyar tsirkiya da manuniya ya sake ta ta daki itacen jitar da ƙara, a madadin ƙaramar ganga. Hannu ɗaya yana aikin mutum biyu. A "Thank You" aka fito da wannan salo fili, aka sa shi a gaba, har ya zama bes ɗin ne ke jan waƙar, sauran suna cike ramukan da ya bari. Daga nan salon ya bazu, ya zama abin da kusan kowane mai kaɗa bes na fank da disko sai ya koya. Shekara ashirin bayan haka Janet Jackson ta gina "Rhythm Nation" a kan wani yanki da aka yanko daga wannan waƙa.

Kalmominta kuma sun saɓa da duk abin da ya gabace ta a faifan. An buɗe da hoton mutum yana kokawa da shaiɗan mai riƙe da bindiga. Muryoyin da a da ke karɓa-karɓa yanzu sun haɗe wuri ɗaya, suna rerawa a daskare, babu fara'a. A baiti na uku Sly ya jero sunayen tsofaffin waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda mai saurare bai daɗe da jin su a wannan faifai ba, kamar mai ƙirga kayan da zai bari, sannan ya rufe da magana a kan wuyar mutuwar ƙuruciya da abin da ya fi ta wuya, wato sayar da kai. Godiyar da ke cikin sunan waƙar godiyar mai sallama ce. Ko wane ne ya yanke shawarar ajiye ta a ƙarshe ya yi daidai, domin ta sa waƙoƙi goma sha ɗayan da suka gabata sun zama labari mai makoma, kuma ta dawo da ɗan abin da tacewa ta cire.

Lokacin da faifan ya isa shaguna, ƙungiyar da ke cikinsa ta riga ta fara watsewa a zahiri. Tun ƙarshen 1969 Sly ya koma Los Anjalas, hodar ibilis da wasu ƙwayoyi suka shiga rayuwarsa da ƙarfi, ya kewaye kansa da 'yan rakiya da masu gadi waɗanda suka shiga tsakaninsa da abokan aikinsa. Wasu daga cikin 'yan Black Panther, ƙungiyar fafutukar baƙaƙen fata, suna matsa masa ya kori fararen fatan biyu da manajansa, kamfani yana matsa masa ya kawo wata "Everyday People". A 1970 bai halarci 26 daga cikin wasanni 80 da aka shirya masa ba. A watan Yulin shekarar aka yi tarzoma a filin Grant Park na Shikago a wajen wani wasan kyauta da aka shirya musu, tun kafin su hau dandamali. Ƙasar ma ta canza. An kashe Fred Hampton, ɗaya daga cikin shugabannin Black Panther, a Disambar 1969, sojojin jiha sun harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State a watan Mayun 1970, mawaƙi Jimi Hendrix ya mutu a Satumba, mawaƙiya Janis Joplin ta bi shi a Oktoba. Ina ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa faifan ya yi irin wannan kasuwa. Mutane suna sayen muryar wani lokaci da bai wuce shekara biyu ba amma tuni ya yi musu nisa.

Ba zama kawai Sly ya yi a wannan shekara ba. Ya kafa ƙaramin kamfani mai suna Stone Flower, inda ya tsara wa ƙungiyar Little Sister, wadda ƙanwarsa Vet ke ciki, waƙoƙi, har da sabon ɗaukar "Somebody's Watching You", ɗaya daga cikin ukun da aka bari a waje, wannan karon da na'urar buga ganga a madadin mutum. Wato a daidai lokacin da kamfanin Epic ke sayar da fuskarsa mai haske, shi yana can yana aiki a kan wadda aka yanke. Errico ya bar ƙungiyar a 1971, Graham ya bi shi a 1972 ya kafa Graham Central Station. Tasirin abin da suka yi tare kuwa ya riga ya tsallaka har cikin jaz, inda Miles Davis ya karkata zuwa irin wannan kiɗa, Herbie Hancock kuma ya raɗa wa wani kiɗa sunan Sly a kundinsa Head Hunters na 1973. An shigar da su zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame a 1993. Cynthia Robinson ta rasu a 2015, Sly ya rasu a watan Yunin 2025 yana da shekara 82.

Kundin da Epic ya yi ta jira ya fito a Nuwamban 1971, shekara guda bayan Greatest Hits, da sunan There's a Riot Goin' On. Yawancinsa Sly ya ɗauka shi kaɗai ko da baƙin makaɗa, yana ɗora sauti a kan sauti har tef ɗin ya dushe, na'urar ganga tana bugawa a ƙasa, muryarsa a shaƙe kamar ta wanda bai yi barci ba. Ya hau mataki na 1, waƙarsa "Family Affair" ma ta hau. Waƙar ƙarshe a wannan kundi ita ce dai "Thank You", da kalmominta, amma an sauya mata suna zuwa "Thank You for Talkin' to Me Africa", an ja ta ta wuce minti bakwai, an rage mata gudu har bes ɗin yana tafiya kamar mai jan ƙafa. Wanda ya jera fayafan biyu ya saurare su a zama ɗaya zai tarar duka sun ƙare da waƙa guda, ta farko da sauran ƙarfin tsayuwa a jikinta, ta biyu kuma a zaune ake rera ta.